Tsaron lafiyar ma'aikaci a masana'antun Sakkwato: ta ina za a fara?

Wanda ya san Sakkwato ya san akwai dubban mutane da ke cin abinci a gaban inji, wuta da ƙura. Ga kamfanin siminti na Kalambaina da ya fara aiki tun 1967, ga injinan gyaran shinkafa da ke cin albarkar fadamar Rima, ga masu buga bulo a kusan kowace shiya, da masu fasa dutse, da masu haƙar jibsam (ma'adinin da ake sawa a siminti) ta wajen Dange, Shuni da Wurno. Sai majema da dukawa masu sarrafa fatar jan akuya, da maƙera da masu walda tun daga Maƙera Assada har bakin titunan bayan gari. Babban kamfani yakan ɗauki jami'i na musamman don tsaron lafiyar ma'aikata. Mai injin shinkafa da ke da yara goma sha biyar kuwa shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne kuma za a buga wa waya idan bel ya kama hannun wani. Da irinsa nake magana, da wanda ya ɗora a kan ma'aikata, da ma'aikacin da ke son tsufa ya same shi da yatsunsa goma da huhunsa lafiya.

A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cutar da suka ɗauko a wurin aiki ce ajalinsu. Wato hatsarin da ake gani da jini shi ne ƙaramin kaso. Babban kason yana cikin abin da ake shaƙa da abin da ake taɓawa kullum, wanda ba ya sa kowa salati a ranar.

Mataki na farko: zagaya da littafi da biro

Kafin ka kashe ko kwabo, zaɓi ranar da aiki ke tafiya sosai, ka bi kayan aikinka tun daga ƙofar da suke shigowa har inda ake lodinsu. Kada ka yi zagayen kai kaɗai. Ɗauki wanda ya fi daɗewa a gaban injin, da kuma wanda ya fi kowa sabunta, domin tsohon ya san inda injin ke cizo, sabon kuma idonsa bai riga ya saba da ɓarna ba. A kowane wuri ku tsaya ku amsa tambaya uku a rubuce: me zai iya cutar da mutum a nan, wa zai cutar, kuma idan ya faru yaya muninsa?

Tambayar da ta fi fitar da gaskiya ita ce: "A wata ukun nan, ina ne saura ƙiris wani ya ji ciwo?" Da farko za su yi shiru, don suna tsoron a ce sakacinsu ne a yanke masu kuɗi. Sai ka yi alkawarin ba za a hukunta kowa kan abin da ya faɗa ba, ka kuma cika. Buhun da ya faɗo bai sami kowa ba, wayar da ta ɗan ja wani ya yi dariya, tsanin da ya zame aka riƙe shi, duk su ne jerin aikin da ke gabanka.

Za ka ji ana cewa "ai mun saba" ko "abin da Allah ya rubuta ba makawa". Ta farkon Hausawa sun riga sun ba ta amsa, sabo turken wawa. Ta biyun gaskiya ce, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Idan kun gama, jera abubuwan bisa muni. Abin da zai iya kisa ko nakasa shi ne a sama, ko da sau ɗaya yake faruwa a shekara goma. Gaban kowanne rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da za a duba.

Mataki na biyu: kada ka fara da hular kwano

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi kasuwa a sayo huluna da riguna masu ƙyalli, a ɗauki hoto, a ce an gama. Masana harkar nan suna bin tsari ne daga sama zuwa ƙasa. Da farko a duba ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya: maimakon leburori su riƙa hawa saman lodi mai tsayi, a rage tsayin lodin. In ba zai yiwu ba, a musanya shi da mai sauƙi, kamar wanke hannu da sabulu a madadin fetur. In ba zai yiwu ba, a sa shamaki tsakanin mutum da haɗarin: murfi a kan bel, bututu mai zuƙe ƙura, katanga tsakanin janareta da ma'aikata. Bayan nan sai sauya tsarin aiki, wato lokaci, karɓa-karɓa da horo. Kayan sawa a jiki su ne na ƙarshe.

Dalilin a fili yake. Murfin bel da aka ɗaure da noti yana kare kowa, dare da rana, ko oga na nan ko ba ya nan. Takunkumi kuwa mutum ɗaya yake karewa, shi ma sai in ya sa shi daidai, kuma a zafin Afrilu ba a kai azahar bai sauke shi zuwa haɓa ba.

Mataki na uku: inji, wutar lantarki da kwaɗo

A nan ne yatsu da hannaye suke tafiya, kuma yanayin wutarmu ya ƙara wa abin muni. An ɗauke wuta, inji ya tsaya, yaro ya ga dama ta samu ya zura hannu ya ciro abin da ya maƙale, sai a dawo da wuta ko wani ya tada janareta daga can baya. Injin da aka bari a kunne ba ya sallama kafin ya tashi.

Gyara biyu ake yi. Na farko na dindindin ne: ka kira mai gyaran wuta ya sa wa kowane inji sitata irin wadda ke sakin kanta idan wuta ta ɗauke, ta yadda ko an dawo da wutar injin ba zai juya ba sai mutum ya danna maɓalli. Na biyu ɗabi'a ce da za a koya wa kowa, kuma kwaɗo kawai take buƙata.

Duk wanda zai sa hannu cikin inji, ko don gyara ko don shara ko don ciro wani abu, ya fara sanar da na kusa da shi. Ya kashe injin a maɓallinsa, sannan ya je babban makunnin da ke ba shi wuta ya sauke, ya tabbatar layin janareta ma ba zai kai gare shi ba. Ya maƙala kwaɗonsa a kan makunnin, makullin ya shiga aljihunsa, ya rataya kwali mai ɗauke da sunansa. Idan mutum biyu ne za su shiga, kwaɗo biyu za a sa. Sai ya jira duk abin da ke juyawa ya tsaya cak, ya saki iskar da ta rage a kwamfuresa, ya tokare duk wani ƙarfe da ke sama wanda zai iya saukowa. Daga nan ya koma ya danna maɓallin tadawa. Wannan gwajin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna ko makunnin da aka sauke na wannan injin ne ko na maƙwabcinsa. Idan an gama aiki, a ƙirga sifana da sauran kayan gyara, a mayar da murfi, a duba ba kowa a ciki, sannan mai kwaɗon da kansa ya cire abinsa. Ko mai masana'antar ba shi da ikon fasa kwaɗon wani don yana sauri.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma raga ta ƙarfe da mai walda na shiya zai haɗa a yini ɗaya ta isa ga yawancin bel da sarƙa. Matsalar ita ce bakanike yakan cire murfin don gyara ya jingine shi a bango, ya shekara a nan. Ka sa doka: ba a biyan kuɗin gyara sai murfi ya koma.

Sutura ma abin dubawa ce. Kaftani mai faɗin hannu, rawani mai jela, gyale ko hijabi mai yawo, carbi a wuya, duk bel yana iya fizgarsu, kuma ba ya sakin abin da ya kama. A tanadi rigar aiki mai kama jiki, mata kuma a ɗinka masu hijabi gajere da ake cusawa cikin riga. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar ƙarfe da siminti, amma a gaban abin da ke juyawa, kamar injin huda ƙarfe, haɗari ce, don ita za a kama ta ja hannun.

Game da wayoyi: kada a cusa tsirarar waya cikin soket, kada a bar haɗin waya a ƙasa inda ruwa ke bi, a binne wayar ƙasa yadda ya kamata, a kuma sa na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, mai lamba 30mA.

Mataki na huɗu: ƙura

Mutumin Sakkwato da ya sha hunturu yakan raina ƙura. Amma ƙurar da ke fitowa daga yankan dutse, niƙan yashi, goge kankare ko fasa bulo tana ɗauke da sinadarin silika, kuma mafi cutarwa a cikinta ita ce wadda ido ba ya gani. Tana wuce hanci da maƙogwaro ta zauna can ƙasan huhu, huhun ya yi ta tabo har ya daina buɗewa sosai. Cutar da take haifarwa, silikosis, ba ta warkewa, takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙurar shinkafa da ɓuntu kuma tana tada asma da tari mai naci. Idan kana son ganin abin da ma'aikatanka ke shaƙa, haska fitila mai ƙarfi a ɗakin aiki da duhu-duhu, ko ka dubi hasken rana da ke ratsowa ta hudar kwano.

Maganin farko ruwa ne. A yanka dutse da tayil da ruwa na zuba a bakin abin yankan. A yayyafa ruwa kafin shara, ko a share da jiƙaƙƙen buhu. A hana busa ƙura da iskar kwamfuresa, musamman abin nan da yara ke yi na hure jikinsu da ita idan an tashi. Inda ruwa zai ɓata kaya, kamar injin shinkafa ko wurin zuba siminti a buhu, a sa bututu mai zuƙe ƙurar daga bakin inda take fita ya kai ta waje, nesa da inda mutane ke zama. Fanka da ke kaɗa ƙura daga kan wannan zuwa kan wancan ba gyara ba ne. A kuma riƙa kwashe garin da ke taruwa a kan katako da injina, domin ƙurar hatsi idan ta cika ɗaki tana iya kamawa da wuta lokaci ɗaya.

Sai takunkumi. Hankici, bakin rawani da takunkumin asibiti na shuɗin nan ba sa tare ƙananan ƙwayoyin ƙura. Wanda ke aiki shi ne mai rubutun N95 ko FFP2, mai igiya biyu da ƙarfen da ake matsewa a karan hanci. A sa shi, a rufe shi da tafin hannu a fitar da numfashi. Idan iska na fita ta gefe bai zauna ba. Idan ya jiƙe da gumi ko numfashi ya fara wuya, a sake wani. Akwai magana a nan da ba a cika faɗa ba: gemu yana hana takunkumi kama fuska, kuma da yawan ma'aikatanmu suna ajiye gemu don sunna. Bai kamata a mayar da wannan rigima ba. Ko dai a samo masa irin hular da ke rufe kai gaba ɗaya mai turo tatacciyar iska, ko a ba shi aiki a sashen da ba ƙura, ko kuma, wanda ya fi, a kashe ƙurar daga tushe.

Madarar gwangwani da ake ba masu walda da masu siminti bayan aiki ba ta wanke huhu. Ciki take tafiya, ƙura kuma tana huhu. A sha don daɗi, amma kada mai gida ya ɗauka ya sauke nauyi da ita. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada shi. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ƙura tana bin mutum gida. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ya isa darasi: a cikin gidaje da jikin tufafi gubar ta isa ga yaran. Don haka a ware wurin wanka da canza kaya a wurin aiki, kayan aiki su kwana a can, a wanke hannu kafin cin abinci ko goro.

Jiƙaƙƙen siminti kuma yana ƙona fata a hankali, sau da yawa ba a jin zafin sai bayan sa'o'i. Leda da masu bulo ke ɗaurawa a hannu ba ta hana komai. Safar roba mai kauri da takalmin roba mai tsawo ake so, kuma idan siminti ya shiga cikin takalmin a cire a wanke ƙafa nan take.

Mataki na biyar: zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin rufin kwano, kusa da tukunyar turara shinkafa ko wutar maƙera, ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana kisa da kansa, yana kuma rage hankali, shi ya sa kuskure a gaban inji yake yawaita da rana tsaka.

A mayar da aikin ƙarfi, irin lodin buhu mai kilo 50, zuwa bayan asuba ko bayan la'asar. A ajiye randa ko kula a inda ma'aikaci zai kai hannu ba sai ya nemi izini ba. Samar da ruwan sha ma yana cikin abin da doka ta ɗora wa mai masana'anta. Mai aiki cikin zafi ya sha kamar kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada ya jira ƙishirwa, kada kuma ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu ko ya ragu, ruwa bai isa ba, kuma yawan hakan yana wahalar da ƙoda. A yi rumfar hutu mai iska, a buɗe saman bango don zafi ya sami mafita.

Sabon ma'aikaci, da wanda ya dawo daga jinya ko doguwar tafiya, su suka fi faɗuwa. Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Ranar farko a ba shi kaɗan daga aikin zafin, kamar kashi ɗaya cikin biyar, a riƙa ƙarawa kullum.

Shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, kamar daga 2020 zuwa 2024, sun nuna cewa tsarin aiki ne ya kamata ya lanƙwasa. Mai hankali yakan mayar da aikin nauyi zuwa sassafe ko bayan tarawihi, ya rage awanni, ya bar sauran na rana ga ayyukan inuwa. Hukuncin wanda ya galabaita har ana tsoron ransa kuwa malamai sun yi bayaninsa, a tambaye su tun kafin watan ya kama, kada a tsaya gardama a kan mutum yana kwance.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗawar nama. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwa ko haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma idan ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, wannan maganar rai ce. A kwarara masa ruwa a duk jiki, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ƙara

Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, iyakar da ake ɗauka don aikin awa 8. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A fitar da janareta waje, a ɗaure abin da ke karkarwa, a sa man inji, a raba abin toshe kunne. Auduga ba ta wadatarwa.

Mataki na shida: rami, tanki da wurin jima

Duk wurin da iska ba ta zagayawa, tankin mai ko na ruwa, rumbun ƙarfe, rijiya, ramin dagwalon masana'anta, a ɗauke shi a matsayin mai kisa har sai an tabbatar da akasin haka. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan ya sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. A wuraren jima na zamani, inda ake cire gashi da sinadarin salfaid, haɗuwarsa da asid tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iska nauyi, don haka ƙasan rami take kwanciya, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi.

Ƙa'idar ita ce: in za a iya yin aikin daga waje, a yi. In dole sai an shiga, a buɗe a hura iska da injin da ke waje, a auna da na'urar gwada iska, a ɗaura wa mai shiga ɗamara da igiya, a tsayar da mutum a baki wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa. Kada a gwada da ashana ko fitilar kwai. Kada a saukar da janareta ko injin ban ruwa cikin rami, hayaƙinsu ba ya wari sosai amma yana kisa. Idan na ciki ya faɗi, na waje ya jawo igiya ya yi kururuwa, kada ya bi shi. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku a irin wannan hatsari ta masu ceto ce.

Masu taɓa ɗanyar fata su sa safar hannu, su rufe duk wani rauni, su guji fatar dabbar da ta mutu ba a san dalili ba. An tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda ake ɗauka daga dabbobi da fatunsu, a Suleja a 2023, kuma ƙurji mai baƙin tsakiya wanda ba ya zafi a hannun majemi na asibiti ne a ranar.

Walda da gobara

Kada a yi walda ko yanka a jikin duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce babu komai ciki; tururin da ya rage shi ke fashewa. Tukwanen gas su tsaya a tsaye, ɗaure da sarƙa, a inuwa, kuma maiko ko giris kada ya kusanci bakin tukunyar oksijin. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya kare ido daga hasken walda, garkuwar fuska mai gilashin walda ake so, har da yaron da ke riƙe ƙarfen.

A rataya abin kashe gobara kusa da ƙofa, a duba allurarsa duk wata, a kuma bar kowa ya gwada harba shi ko sau ɗaya. Ba a zuba ruwa a wutar mai ko ta lantarki. Abin kashe gobara mai hoda ko bokitin yashi ake amfani da shi. Sannan ƙofa: tsoron sata yakan sa a kulle ma'aikatan dare daga waje. A 2002 gobara ta halaka ma'aikata da dama a wata masana'anta a Ikorodu ta jihar Legas, rahotanni suka ce ƙofofin a kulle suke. Kowane ɗakin aiki ya kasance da mafita biyu da ke buɗuwa daga ciki, ba buhu ko babur a gabansu.

Sabon ma'aikaci da kayan kariya

Ranar farko kada a miƙa wa yaro shebur a ce "bi su". A zagaya da shi, a nuna masa maɓallin tsayar da kowane inji, mafita, akwatin magani da wanda zai kira. A yi bayanin da Hausa, da Fulfulde ko Zabarmanci in su ya fi ji, a kuma sa shi ya maimaita da hannunsa. Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Kowace safiya a ɗauki minti biyar a tattauna haɗari ɗaya kacal. Kayan kariya kuwa mai masana'anta ne ke saye, a daidai girman mai sawa. Kuma Alhaji, idan ka shigo wurin aiki da silifas da babbar riga, ka soke duk abin da aka koyar da safe.

Idan abin ya riga ya faru

A fara kashe inji ko wuta kafin a taɓa wanda ya ji ciwo. Jini: a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a zuba ƙasa, toka ko man birki. Ƙuna: ruwa mai gudu na minti 20, ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki. Siminti, soda ko asid a ido: a buɗe idon a yi ta wankewa da ruwa aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai shi. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya kada a naɗe shi a kan babur, a ɗauke shi a miƙe bisa katako. Duk raunin ƙarfe ko ƙusa a tambayi allurar sarƙe-haƙora. Tun yau ka san wace mota za ta ɗauki mutum da dare, da hanyar da ta fi kusa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ka rubuta lambar gaggawa 112 a bango. Akwatin agajin farko dole ne a doka, kuma a kowane zubin aiki a sami wanda ya iya amfani da shi.

Bayan asibiti sai takarda, kuma a nan ne ma'aikata suka fi asarar haƙƙinsu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF mai biyan diyyar ma'aikata, daga aljihunsa, ba tare da ya cire daga albashin kowa ba. Dokar ta haɗa da ɗan kwantiragi, mai aikin wucin gadi da mai koyon sana'a, ta kuma shafi hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14. Mai aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in mutuwa ce kuma nan take. Neman diyya a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Ban da wannan, hatsarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3 ana sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Sasantawar "ga wannan ka sayi magani, Allah ya kiyaye gaba" takan ƙare kafin ciwon ya warke. Don haka a rubuta rana, lokaci, wurin, injin da sunayen waɗanda suka gani, a ɗauki hoto, a adana katin asibiti da rasit. Ma'aikaci ya ajiye duk abin da ke nuna ya yi aiki a wurin, katin shaida, takardar ɗauka ko saƙon banki na albashi, domin cutar huhu da kurumta sukan bayyana ne bayan mutum ya daɗe da barin aikin. Shi kuma mai masana'anta, kafin a sake tada injin da ya ji wa wani ciwo, ya koma wurin da littafinsa tare da waɗanda abin ya faru a gabansu, su gano abin da ya ba hannu hanyar shiga, a toshe shi a ranar.